Ɗiya mai shekara shida: wa zai ɗauki nauyinta?

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a bakin mata duk inda muka je zagayen ƙungiyoyi, daga ƙauyukan Mayahi har zuwa Tasawa: "Wai yaushe masu ɗaukar hoton yara za su iso garinmu?" Ana nufin ƙungiyoyin nan na waje da ke rubuta sunan yaro, su ɗauki hotonsa, su samo masa wani mutum a Turai ko Amurka ko Kanada da zai riƙa zuba kuɗi duk wata da sunansa. Mace ta ji daga bakin ƴar uwarta da ke aure a wata karkara cewa an yi musu famfo da aji, sai ita ma ta zauna jira. Mu a ƙungiyarmu, mu talatin, akwai yarinya guda da muka ga jiran ba zai yi mata ba. Labarinta za mu ba ku, da abin da ya ci mana, da gardamar da muka sha kafin mu yarda.

Ba za mu faɗi sunanta ba, ba kuma za mu faɗi sunan garin ba, don uwarta ƴar asusunmu ce, kuma ana karanta wannan jarida a gaban jama'a. Shekarunta shida, ko kusa da haka. An haife ta a gida da kaka, shekarar da uwar ke cewa hatsi ya yi kyau, shi ke nan lissafin. Ubanta ya tafi biɗa damina uku ke nan. Da farko yana aiko da ɗan abu daga Agadas, daga baya aka ce ya ƙetara Libiya, yanzu sai a yi wata huɗu ba a ji muryarsa ba. Ya bar matar da wannan ɗiya, da ƙanenta mai shekara biyu, da tsohuwar uwarsa da ido ya yi wa rauni. Gandun gidan yana hannun wansa. Abin da matar ke da shi gamana ce ƴar ƙarama, wadda hatsinta ba ya wuce watan sanyi.

Ku dubi yinin wannan yarinya da damina. Kafin rana ta fito uwar ta tafi barema gonar wani, don a biya ta da tiya guda ko ƴan kuɗi da marece. Ɗiyar ce ke goya ƙanen. Goyon ya kusa kai ta tsawo, ƙafafunsa na bugun bayan gwiwarta, tana tafiya tana karkacewa. Ita ke jan tsohuwa zuwa inuwa, ita ke zuwa rijiya da ƴar jarka sau uku ko huɗu, ita ke tsinto kara da kashin shanu na wuta. Abin karin safe, in akwai, sauran furar jiya ce da aka ƙara wa ruwa har ta zama farau-farau, kuma ƙanen ake fara ba. Da rana ta bi sauran yara bakin gonaki su tsinko tafasa da yaɗiya, a dafa a zuba ɗan gishiri. Tuwo sai dare, shi ma ba kullum ba. Ba ta kuka, ba ta roƙo. Wannan ne ma ya sa aka daɗe ba a lura da ita ba: yaron da ke kwakwazo shi ake juyowa a duba, mai shiru kuwa sai a ce ai lafiyarsa lau.

Abin da ya buɗe mana ido shi ne ranar awon hannu. Kun san ɗan madaurin nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro: kore lafiya, ɗorawa a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a ruga likita, tamowa ce mai tsanani. An koya wa da yawa cikinmu yin awon da kanmu. Aka auna ƙanen, ya faɗa a ɗorawa, aka rubuta shi, aka ce a kai shi likita. Yayar tana tsaye da zanen goyo a hannu, wuyanta kamar sillen kara, gashinta ya yi ja. Wata ta ce a auna ta ita ma. Mai awon ta ce, kuma gaskiyarta, madaurin na ƴan wata 6 zuwa wata 59 ne, wannan ta wuce.

Ta wuce. Sai muka zauna muka lissafa abubuwan da ta wuce. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likita. Ko da yake kowa ta san wani lokaci magani na yankewa a ba ka takarda ka je ka saya, duk da haka dai ƙofa ce a buɗe. Ita ta wuce, in ta yi masassara sai an biya. Maganin rigakafin masassarar damina da ake bi gida gida ana rabawa wata wata, na ƴan wata 3 ne zuwa shekara 5, ta wuce. Abincin tamowa na ƙanana ne, ta wuce. To me ta isa? Ta isa shiga lekol, ajin CI. Amma ba wanda ya rubuta ta, don wa zai goyi ƙanen? Takardar haihuwa babu. A wajen hukuma, wannan yarinya ba a ma haife ta ba.

Mu a ganinmu nan ne ramin da yaran talakawa ke faɗawa, tsakanin shekara biyar da bakwai. Likita ya sallame su, lekol bai karɓe su ba, uwa kuma hankalinta na kan na baya. Ku duba garinku, za ku same su: su ne masu goyo, su ne masu tsaron awaki, su ne ake ɗora wa tiren talla.

Game da masu hoton kuwa, akwai abin da ya kamata mu fahimta. Aikin gaskiya ne, ƙungiyoyi irin su World Vision da Plan International suna yin sa a Nijar tun shekarun 1990, kuma garuruwa da yawa sun amfana. Amma ba yadda ake ba da labarinsa a bakin rijiya yake ba. Na farko, ba gari gari suke bi ba. Suna zaɓen yanki ne su zauna cikinsa shekaru, in garinku ba ya ciki, ko yaronki ya fi kowa buƙata ba za a rubuta shi ba. Na biyu, kuɗin da mutumin can ke zubawa ba a miƙa wa uwar yaro a hannu. Ana haɗa su ne a yi aikin da gari duka zai ci: rijiya ko famfo, aji, horon ungozoma, irin shuka. Yaron da aka ɗauki hotonsa ana bin lafiyarsa da karatunsa, yana samun wasiƙa, wani lokaci ƴar kyauta, amma ba albashi ba ne. Mun ga inda rashin sanin wannan ya haɗa maƙwabta faɗa, wata na zargin wata da cin kuɗin ɗanta, alhali ba kuɗin da aka ba kowa. Na uku, kuma wannan ku riƙe shi da kyau: ba a biyan ko dala don a rubuta yaro. Duk wanda ya zo da babur da jaka ya ce a ba da jika guda kuɗin hoto ko kuɗin fom, ku tambaye shi takardarsa, ku kai shi wajen mai gari, a kira ma'aikatar magajin gari a ji ko an san da zuwansa. Wani ya taɓa zagaya karkararmu da irin wannan magana, ya tara abin da ya tara, har yau ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Ita uwar ba hoto take jira ba, wata hanya aka kawo mata. Wata ƴar uwar mijin da ke Maraɗi ta aiko cewa a ba ta ɗiyar riƙo. Riƙo ba abin ƙi ba ne, da yawa cikinmu a hannun gwaggo ko inna muka tashi, wasu ma ta nan suka samu karatu. Amma mun tambaya: za a sa ta lekol? Aka ce sai ta ƙara wayo. Me za ta riƙa yi? Ɗan taimako a gida, da kai abinci tasha. Duk wadda ta taɓa sauka tashar mota a birni ta ga irin waɗannan ƴan mata da tire a kai har bayan isha'i. Akwai kuma hanya ta uku da ba a faɗa da ƙarfi, ta bin ayarin masu tafiya Aljeriya bara da yara, har da yaran aro. Ƴan uwanmu na Kance da Matamai sun fi mu sanin zafinta. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada bayan Arlit, ƙishirwa ta kashe su, mafi yawansu mata da yara. Uwar da rumbunta ya ƙare tun watan uku, in aka zo mata da irin wannan tayi, ba mugunta ke sa ta saurara ba.

Da shugabar ƙungiya ta kawo maganar a taron mako, ba a tafa mata ba. Wata dattijuwa, wadda ta fi kowa daɗewa a asusun, ta ce: "Shugaba, mi kike so mu yi? Kowace ɗaya nan tana da irin wagga ɗiya a ɗakinta. In munka ɗauki ta wance, gobe ni ma in kawo tawa?" Wata ta ce asusu na bashi da riba ne, ba gidan marayu ba, kuma uban yarinyar da ransa. Wata kuma ta ce, a hankali, dangin mijin za su ce mun tona musu asiri. Duk maganganun nan uku suna da gaskiya a ciki, kuma mako uku muka yi muna juya su. Ita uwar tana zaune a ƙarshen tabarma, ta ja lulluɓi ta rufe fuska, har ma'ajiya ta ce mata: "Ƙanwata, tashi ki je gida, za mu aiko miki." Daga ranar muka sa doka: ba a tattauna gidan mace tana zaune.

Abin da ya warware gardamar lissafi ne. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a nan jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE kafin ya bazu ƙasashe da yawa, ya koya mana ajiye ƴar jakar taimako daban da kuɗin bashi, ta haihuwa da rashin lafiya da mutuwa. Sai sakatariya ta ɗauki alli ta rubuta a allo: in kowace ta ƙara dala biyar a mako, wato 25 F, mu talatin, 750 F ke nan a mako, a shekara jika 39. Aka yi shiru. Ba wadda ta taɓa zaton kuɗin ƙosai biyu zai tara haka. Dattijuwar nan ta ce to ta yarda, amma da sharaɗi: ba don wance ake yi ba, jaka ce ta yaran gari, bana wannan, baɗi a sake dubawa, kuma ko ɗiyar wadda ba ta cikin asusu ce a iya ɗauka. Sharaɗinta ya fi shawararmu ta farko kyau, aka rubuta shi a kaye.

Sauran dokokin kaɗan ne. Ba a ba da kuɗi a hannu. Abin da ake buƙata ake saye, mata biyu su je tare, su kawo lissafi. Ba don ba mu yarda da uwar ba ne. Kuɗi in sun shiga gidan da ake yunwa, kuma ga surukai ga masu bin bashi, ba za su kai ga kaye da bik ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Uwar kuma ba ta daina zubinta ba, ko dala goma ne ta kawo, don ta zauna cikinmu da kanta a sama, ƴar ƙungiya kamar kowa. Ba hoto, ba sanarwa a masallaci ko wajen biki.

Kafin mu taɓa komai sai da muka je wajen wan mijin, mu uku, da tsohuwar da yake jin nauyi a gaba. Ba mu ce masa kun kasa ba. Muka ce: "Malam, ɗiyarka muke so ka ba mu aro mu sa lekol, ladan naka ne." Ya yi jim, ya ce zai yi shawara da ƙanensa in an same shi a waya. Bayan kwana tara ya aiko da amincewa, har ya ce shi zai tsaya shaida wajen takardar haihuwa. Da mun tsallake shi, da yanzu ɗiyar tana Maraɗi da tire.

Takardar haihuwa ita ta fi ba mu wahala, shi ya sa za mu daɗe a kanta. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwar yaro, kuma bayyanawar kyauta ce: in a likita aka haihu, nan ake rubutawa, in a gida ne a je wajen mai rubuta haihuwa na gari, daga nan takarda ta wuce ma'aikatar magajin gari. Wanda ya bari kwanakin suka wuce, sai ta hannun alƙali, da shaidu, a yi hukuncin da zai tsaya a madadin bayyanawar. Nan ne kuɗin mota da yinin banza ke shiga. Sau biyu muka je babban gari, ranar farko shaidu ba su cika ba. Wani lokaci alƙalai kan fito ƙauyuka su yi zaman ba da takardu ga jama'a da yawa a rana guda. In kun ji an ce za a yi a karkararku, ku bar daka ku bar wanki ku kwashi yara ku tafi. Sau da yawa ana karɓar yaro a CI ba takarda, sai uwaye su saki jiki. Ranar da ya kai CM2 za a rubuta masu jarrabawa, ranar ake neman ta, an yi shekara shida ana wahala a tsaya a bakin ƙofa. Mu da muka yi karatun yaƙi da jahilci, wannan aikinmu ne: duk wadda ta haihu a ƙungiya, kafin a yi arba'in a tambaye ta, ina takarda? Sakatariyarmu yanzu ta buɗe shafi na musamman don haka.

Sai maganar ciki, don yaro mai yunwa ba ya jin malam. Ba mu da ƙarfin ciyar da gida duka, ba mu kuma yi alkawarin haka ba. Abin da muka yi habbanaye ne: ƙungiya ta sayi jar akuya, irin tamu ta Maraɗi mai yawan tagwaye, da ciki, aka ba uwar riƙo. Wata biyar akuya ke yi ta haihu. Ƴaƴan nata ne, nonon na yara, uwar akuyar kuma in an yaye sai ta wuce gidan da ke biye. Kuɗinta ba daga jakar yara suka fito ba, daga ribar da muka samu ne lokacin fasa asusu, kowace ta bar kaɗan. Ban da haka, ranar taro kowace kan zo da ɗan abin da ta samu, wannan gwangwanin wake, waccan ƙuli-ƙuli, wata garin zogale. A soya waken sama sama a niƙa, a haɗa da garin hatsi da dakakken ƙuli-ƙuli, a dama kunu mai kauri, ba tsararo ba. Na ƙanen ne da yayar, kofi guda guda da safe. Ƙanen ya koma kore a awo na uku. Ita ba madaurin da zai auna ta, amma gashinta ya fara baƙi, kuma ranar nan an ji ta tana faɗa da wata a rijiya, abin da ya sa mata dariya, don da ko an taka ta ba ta magana.

Goyon fa? Wannan ba kuɗi ke maganinsa ba. Maƙwabta huɗu ƴan asusu suka raba kwanakin: ranar da uwar ke gona ko kasuwa, yaron na gidan ɗaya daga cikinsu har a taso daga lekol. Ba kullum abin ke tafiya sumul ba. An yi ranar da mai juyi ta tafi suna wani gari ba ta faɗa wa kowa ba, ɗiyar ta koma gida da goyo, ta rasa yini biyu. Aka ci ta tara kamar wadda ta makara taro, dala goma, ta biya tana gunaguni.

Da aka koma lekol a watan Oktoba aka rubuta ta. Abin da aka saya: allo da alli, kaye biyu, bik, ƴar jaka, takalmin roba, riguna biyu na gwanjo, sabulu, da ɗan kuɗin da kwamitin lekol ke karɓa. Aka ware jika biyar a jaka ba a taɓawa, na ranar da masassara za ta kama ta, tunda yanzu sai an biya. Aka kuma tabbatar tana kwana cikin sange tare da ƙanen, ba a gefen tabarma ba. Biyu daga cikinmu suna cikin ƙungiyar uwaye mata ta lekol, AME, su ke leƙawa duk mako su ji ko ta zo. Dokar da gwamnati ta sa hannu a watan Disamba na 2017 ta ce a kare ɗiya mace a riƙe ta a makaranta har shekara 16. Shekara goma ke nan nan gaba, kuma ba mu ce jakar dala biyar za ta kai ta can ba. Mun dai yi alkawarin shekarar CI da ta CP, a gaban uwarta da wan ubanta, an rubuta an dangwala hannu.

Yanzu sunaye biyu ke jira a kayen sakatariya: wani yaro maraya mai shekara bakwai da ke bin awakin mutane, da wata ɗiya da kakarta ke riƙo. Jakar ba za ta ɗauki ukun ba sai an ƙara zubi zuwa dala goma, kuma mata da yawa sun ce da bazara ba za su iya ba. An bar maganar sai bayan kaka, in an ga abin da rumbu ya samu. Damuwarmu ta kusa ita ce abincin akuyar, don harawa da dusa kan yi tsada daga watan uku, uwar kuma ba ta da harawar kanta. Ƙungiyoyin Tawa da Damagaram da suka daɗe suna habbanaye, ku aiko mana ta wannan jarida yadda kuke fitar da akuyar gidan da ba shi da gona daga rani, ko kuna tara harawa tare ne tun kaka, ko jaka ce ke saye.